Yadda ake bi ta tashar jirgin ƙasa ta Iksan a Koriya ta Kudu ba tare da an ɓace hanya ba

Iksan gari ne matsakaici a lardin Jeonbuk, kudu maso yammacin Koriya ta Kudu, mutanensa ba su kai 300,000 ba. Amma tasharsa ta fi ƙarfin garin, domin layukan dogo uku ne suke haɗuwa a cikinta. Akwai layin Honam mai gangarawa Gwangju da Mokpo, akwai layin Jeolla mai bi ta Jeonju da Suncheon har bakin teku a Yeosu, sai layin Janghang mai zagayowa ta gaɓar yamma ta Gunsan. A kan waɗannan kuma an ɗora layin jirage masu gudu a 2015. Duk wanda zai shiga kudu maso yammacin ƙasar ta jirgi daga Seoul, ko ya sauka a Iksan ko ya wuce ta cikinta. Yawancin kurakuran baƙo a wannan tasha daga abu ɗaya suke tasowa: yana kallon sunan gari a jikin allo, alhali abin da ya kamata ya riƙe shi ne lambar jirgi da lambar tarago.

Yadda tashar ta zama mahaɗa

Shinkafa ce ta kawo dogo nan. Filayen Honam su ne rumbun Koriya, kuma bayan da Japan ta mamaye ƙasar a 1910 ta buƙaci hanyar kwashe amfanin gona zuwa tashar ruwa ta Gunsan, wadda aka buɗe wa jiragen waje tun 1899. A watan Maris na 1912 aka buɗe tashar da sunan Iri, a wani ƙauye mai ciyayin fadama da mutanen wurin suke kira Somni, tare da reshen dogo zuwa Gunsan. A 1914 layin Honam ya isa Mokpo, a shekarar kuma wani kamfani ya shimfiɗa siririn dogo daga Iri zuwa Jeonju. Wannan siririn layi shi ne aka saya, aka faɗaɗa, aka yi ta miƙa shi kudu har ya haɗu da Yeosu a 1936. Garin ya tashi ne a gindin tashar, kamar yadda Kafanchan ta tashi saboda mahaɗar dogo, shi ya sa har yau tsohuwar kasuwa da tsofaffin tituna suke fuskantar ƙofar gabas.

Sau biyu tashar tana ganin masifa. A ranar 11 ga Yuli, 1950, makonni kaɗan da ɓarkewar yaƙin Koriya, jiragen saman Amurka suka yi mata ruwan bama-bamai tun sojojin arewa ba su iso yankin ba, ma'aikatan jirgi da fararen hula da yawa suka mutu. Ta biyun ita ce wadda kowane dattijo a garin yake tunawa. A daren 11 ga Nuwamba, 1977, wajen ƙarfe 9:15, wani jirgin kaya da ya taso daga Incheon zai je Gwangju ɗauke da kusan tan 40 na nakiya da makamantanta ya tarwatse a cikin tashar. An bar shi ne yana jira a tsakiyar gari, mai gadin kayan kuma ya kunna kyandir a cikin taragon ya kwanta barci. Mutum 59 suka rasu, fiye da 1,300 suka ji rauni, dubbai suka rasa muhalli. Mutane da yawa a daren suna gaban talabijin suna kallon wasan ƙwallo tsakanin Koriya ta Kudu da Iran na neman shiga gasar cin kofin duniya. Gidajen bene na unguwar Mohyeon, yamma da tashar, don waɗanda suka rasa gidaje aka fara gina su.

A 1995 aka haɗa birnin Iri da gundumar Iksan, tashar ta ɗauki sabon suna. Jirgin KTX, wato jirgin ƙasa mai gudu na Koriya, ya fara tsayawa a 2004, amma a kan tsohon dogo yake bi ta Seodaejeon, yana rage gudu. An haɗa layin Janghang da Gunsan a 2008, KTX ya shiga layin Jeolla a 2011 gab da baje kolin duniya na Yeosu na 2012, sannan a Afrilun 2015 aka buɗe sabon layi mai gudu daga Osong zuwa Gwangju Songjeong, kimanin kilomita 182. Ba a rufe tsofaffin hanyoyin ba, duk suna aiki. Saboda haka a yau hanyoyi uku ne daga Seoul zuwa Iksan, kuma a manhajar sayen tikiti dukkansu "Iksan" ɗaya za ka gani.

Mataki na farko: zaɓen jirgi

Jirgin da ya bi sabon layi ta Osong da Gongju yana kai ka daga tashar Yongsan da ke Seoul zuwa Iksan cikin awa ɗaya da minti 10 zuwa 25, gwargwadon yawan tsayawarsa, kuɗin kujerar gama-gari kuma wajen won 32,000 ne a kuɗin Koriya. Wani KTX ɗin kuwa yana ratsewa ta Seodaejeon da Nonsan a kan tsohon dogo mai lanƙwasa, ya ci kusan awa biyu. Kuɗinsa ya ɗan fi sauƙi, amma bai kai ya rama lokacin da za ka ɓata ba. Ba za ka gane bambancin daga sunan jirgi ba, sai ka kwatanta lokacin tashi da lokacin isa.

Bayan masu gudu akwai ITX-Saemaeul da ITX-Maeum, matsakaita, sai Mugunghwa mai tsayawa a ƙananan tashoshi. Mugunghwa ta layin Honam yana cin kimanin awa uku a kan kusan rabin kuɗin KTX, kuma kujerunsa ba laifi. Wanda ba ya sauri bai yi asara ba. Tarkon yana cikin jiragen layin Janghang: su ma daga Yongsan suke tashi, su ma a Iksan suke ƙarewa, amma daga Cheonan sai su yi yamma ta Hongseong da Daecheon da Gunsan, tafiya ta doshi awa huɗu. Hanya ce mai kyan kallo ga ɗan yawon buɗe ido, ba ga mai alƙawarin ƙarfe biyu ba.

Sai SRT, wanda ya fara aiki a Disambar 2016. Gudunsa ɗaya da KTX, dogo ɗaya suke bi daga wajen Seoul, amma daga tashar Suseo yake tashi, can kudu maso gabashin birnin, kuma kamfanin SR ne ya kafa shi da tsarin tikitinsa dabam. Tsakanin Yongsan da Suseo a jirgin ƙarƙashin ƙasa ba za ka yi ƙasa da minti 40 ba. Wanda ya sayi tikitin Suseo ya je ya tsaya a Yongsan, to ya rasa jirgi ke nan. Ka zaɓi tashar tashi bisa unguwar da ka kwana: mai masauki a Gangnam ko Jamsil, Suseo ta fi masa kusa, mai masauki a Itaewon ko Myeongdong kuwa Yongsan.

Idan daga filin jirgin sama na Incheon ka fito, babu KTX kai tsaye, an daina shi tun 2018. Hanya ta farko ita ce jirgin AREX zuwa tashar Seoul, minti 43 a mai sauri daga ginin sauka na ɗaya, sannan layi na 1 na ƙarƙashin ƙasa, tasha biyu, Namyeong sai Yongsan. Wasu jiragen Iksan ma daga tashar Seoul ɗin suke tashi, saboda haka ka bincika can tukuna kafin ka ja akwati zuwa Yongsan. Hanya ta biyu ita ce bas daga filin jirgi zuwa tashar Gwangmyeong, inda KTX masu zuwa kudu da yawa suke tsayawa. Ga mai kaya masu nauyi wannan ta fi, domin babu hawa da sauka a cikin cunkoson Seoul.

Mataki na biyu: sayen tikiti

Ana buɗe sayarwa wata ɗaya kafin ranar tafiya, da ƙarfe bakwai na safe agogon Koriya. Ana saye a manhajar KorailTalk, ko shafin intanet na Korail, kamfanin jirgin ƙasa na ƙasar, ko a taga a kowace tasha. Wasu injinan sayar da tikiti da ke tsaye a zaure sukan ƙi katin bankin waje, don haka baƙo ya nufi taga kai tsaye da kati ko tsabar kuɗi. Katin T-money da ake dangwalawa a bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya zama tikitin KTX ko Mugunghwa.

Yammacin Juma'a zuwa kudu da yammacin Lahadi zuwa Seoul su ne lokutan da kujeru suke ƙarewa, layin Jeolla kuma ya fi saurin cika saboda masu zuwa Jeonju da Yeosu. Lokacin bukukuwan Seollal da Chuseok kuwa ana ware ranakun sayarwa na musamman, kuma tikiti kan ƙare tun da safe. Idan kujera ta ƙare akwai tikitin tsayuwa, sunansa ipseok. A ranakun aiki wasu jiragen suna da taragon da ba a raba wa kujerunsa suna ba, jayuseok, wanda ya riga shiga shi ya zauna. Awa ɗaya da 'yan mintuna a tsaye abu ne da ake iya jurewa, musamman da yake akwai ƙananan kujeru masu naɗewa a bakin ƙofa.

Wajen rubuta sunan tasha a yi hattara. Iksan dabam, Ilsan dabam, Ulsan da Asan dabam. Jeonju ba Cheongju ba ce, ba kuma Jinju ba. Gongju tasha ce kafin Iksan, Gwangju tana bayanta, Gyeongju kuwa can gabashin ƙasar take. A taga, nuna wa ma'aikaci sunan a rubuce a wayarka ya fi ka furta shi.

Yara 'yan shekara 6 zuwa 12 rabin kuɗi suke biya. Wanda bai kai shida ba yana iya zama a cinyar babba kyauta, ko a saya masa kujera da ragi mai yawa. Akwai kuma Korail Pass na baƙi, na kwana biyu zuwa biyar, amma mafi arharsa ya haura won 100,000, kuma ba a tsara shi don SRT ba. Zuwa Iksan da dawowa kaɗai bai kai a saye shi ba. Yana biyan kansa ne idan za a haɗa da Yeosu ko Mokpo ko Busan.

A wajen zaɓen kujera, A da D su ne na taga a taragon gama-gari. Tsohon KTX mai dogon jiki, mai taragun fasinja 18, rabin kujerun kowane tarago baya suke kallo kuma ba sa juyawa. Mai jin jiri ya duba alamar fuskar kujera kafin ya biya. KTX-Sancheon, wato sabon samfurin KTX, da SRT ba su da wannan matsala, kujerunsu ana juya su.

Mataki na uku: shiga jirgi, inda gizo yake saƙa

Babu shingen duba tikiti a tashoshin jirgin ƙasa na Koriya. Wanda ya saba da jirgin Abuja zuwa Kaduna, inda ake duba tikiti tun daga ƙofa, zai yi mamaki: daga titi har kujerarka ba mai tare ka. Ma'aikatan cikin jirgi suna riƙe da na'ura mai nuna kujerun da aka saya, sai sun ga mutum a kujerar da ya kamata ta zama babu kowa suke tambaya. Amfanin wannan shi ne sauri. Illarsa kuwa babu wanda zai ce maka ka hau jirgin da ba naka ba sai bayan ya tashi. Wanda aka samu babu tikiti yana biyan kuɗin tafiya da tara a kai, mai ha'inci da gangan kuma doka ta yarda a ci shi har ninki 30.

Tikitinka yana ɗauke da abubuwa huɗu da za ka haddace: lambar jirgi, lokacin tashi, lambar tarago wadda suke kira hocha, da lambar kujera. Lambar dandamali takan fito a allo kimanin minti 15 kafin tashi. Jirage masu barin Seoul zuwa kudu lambarsu mara ce, masu komawa Seoul kuma cika. KTX na layin Mokpo suna cikin jerin 400, na layin Yeosu suna cikin jerin 500.

Ga abin da ya sa lambar tarago take da muhimmanci. KTX-Sancheon gajere ne, taragun fasinja takwas, tsawonsa kimanin mita 200. Don a rage cunkoso a kan dogon da ke tsakanin Seoul da Osong, akan ɗaure guda biyu hanci da hanci su tafi a matsayin jirgi ɗaya. Na farko taragunsa 1 zuwa 8, na biyu 11 zuwa 18, kuma babu ƙofa tsakaninsu, ba a ratsawa daga wannan zuwa wancan ta ciki. Da yawa daga irin waɗannan a Iksan ake kwance su, rabi ya miƙe Gwangju da Mokpo, rabi ya karkata Jeonju da Yeosu. Shi ya sa za ka ga lambobin jirgi biyu a allo da lokaci ɗaya da dandamali ɗaya. Ba kuskuren allo ba ne.

Saboda haka ka sauka dandamali da sauran minti 10, ka nemi lambar taragonka a ƙasa ko a kan alamar da ke rataye. Alamun kashi-kashi ne, na dogon KTX dabam, na Sancheon dabam, na Mugunghwa dabam, domin tsawon taragunsu ba ɗaya ba ne. Idan jirgi ya tsaya, ka duba ƙaramin allon da ke gefen ƙofa, yana nuna lambar jirgi da ta tarago da inda za shi. Kada ka ce bari in faɗa ƙofar da ta fi kusa in taka ta ciki. A dogon KTX hakan yana yiwuwa, a jirgi mai ɗaure biyu kuwa zai iya kai ka wani lardi.

In ka farga kana cikin rabin da ba naka ba, kada ka yi tsalle ka fita a ƙaramar tasha kamar Gongju, inda tsayawar minti ɗaya ce ko biyu, mita 200 da akwati ba wasa ba ne. Ka gaya wa ma'aikacin jirgi, ka tsaya a bakin ƙofa da kayanka, ka sauya a Iksan, inda aikin kwancewa yake ba da 'yan mintuna. Idan Iksan ce masaukinka, ba abin da ya ɓaci sai kujera. In kuma har an rabu kana ciki, ka nemi ma'aikaci tun kafin ya neme ka, ka nuna tikitinka, ka sauka a tasha ta gaba, Jeonju a ɓangare ɗaya, Jeongeup ko Gwangju Songjeong a ɗayan, ka komo Iksan ka sake lale.

A cikin jirgi ana ajiye manyan akwatuna a kantocin ƙarshen tarago, ƙanana a sama. Akwai intanet kyauta, akwai wurin cajin waya mai ramuka biyu zagayayyu, wuta 220. A tsohon KTX a bango yake tsakanin tagogi, ba kowace kujera ce take da shi ba. An daina zagayawa da keken abinci, sai injin ruwa da ɗan abin taɓawa. Ana amsa waya ne a bakin ƙofa, ba a kujera ba, kuma murya ƙasa-ƙasa.

Mataki na huɗu: sauya jirgi a Iksan

Ginin tashar na yanzu a saman dogo yake, kamar gada. Zaure ɗaya ne a bisa, matakalai da lif suna sauka zuwa kowane dandamali. Sauya jirgi ke nan hawa ne, duba allo, sauka. Minti 10 ya ishi mai ƙaramar jaka, mai yara ko tsoho ya ba kansa 15 zuwa 20, don lif ɗin yakan yi layi idan jirage biyu sun sauke mutane tare.

Idan tafiyarka ta haɗa KTX da ƙaramin jirgi, ka saye su a matsayin tikitin sauyi guda ɗaya, abin da suke kira hwanseung. Ana rage kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ƙaramin jirgin, kuma idan na farko ya makara har ka rasa na biyu, maganarka a taga tana da ƙarfi fiye da wanda ya sayi tikiti biyu a rarrabe.

Jeonju tana da nisan kimanin minti 15 zuwa 20. Kowane irin jirgi kusan lokaci ɗaya yake ci a wannan ɗan tsakanin, amma mafi ƙarancin kuɗin KTX won 8,400 ne, na Mugunghwa kuwa 2,600. Biyan KTX daga Iksan zuwa Jeonju ɓarnar kuɗi ce, sai dai in shi ne kaɗai ya rage. Dabarar da matafiya suke yi idan tikitin Jeonju ya ƙare daga Seoul ita ce su sayi na Iksan, inda jirage suka fi yawa, su ƙarasa da Mugunghwa ko bas.

Gwangju Songjeong kimanin rabin awa ce a jirgi mai gudu, Mokpo awa ɗaya da ɗoriya. Yeosu kuwa, ko da KTX, sai an yi wajen awa ɗaya da rabi, domin layin Jeolla gyararren tsohon dogo ne mai ratsa duwatsu ta Namwon da Gokseong da Guryegu, jirgin ba ya sakin gudun kilomita 300 a kansa. Gunsan ba ta wuce minti 25 ba, amma a sani cewa tun 2008 aka mayar da tasharta bayan gari, daga can sai an ƙara bas ko tasi kafin a kai tsohuwar unguwar bakin ruwa.

Mai zuwa Daegu ko Busan daga Iksan ya sauya a Osong. Kada ya sauka a Seodaejeon yana zaton nan ce Daejeon. Tashoshi biyu ne a gari ɗaya, jiragen Busan a ɗayar suke tsayawa, kuma sai an shiga mota ko jirgin ƙarƙashin ƙasa tsakaninsu.

A hanyar komawa Seoul abin yana juyawa: jirgin Yeosu da na Mokpo a Iksan ake ɗaure su. Ɗaya yana riga isowa ya tsaya, ɗayan ya lallaɓo a hankali ya manne masa. Idan ka ga jirgi a dandamalinka amma babu lambar taragonka a jikinsa, kada ka ruɗe ka shiga, naka yana tafe. Kuma ka sake duba ƙarshen tafiyar, Yongsan ko Seoul ko Haengsin ko Suseo, domin KTX da SRT sukan biyo juna da tazarar 'yan mintuna.

Idan an makara, ko an yi mantuwa

Wanda ya ga ba zai samu jirgi ba ya soke tikitin tun kafin lokacin tashi, don abin da ake cirewa kaɗan ne, ko da yake na ƙarshen mako ya fi na ranakun aiki. Bayan jirgi ya tashi ragin yana hawa da sauri, idan kuma lokacin isarsa ya wuce ba a mayar da ko won ɗaya. Ba a hawa jirgi na gaba da tsohon tikiti, sai an sayi sabo. In laifin daga jirgin ne, ana biyan diyya: makarar minti 20 zuwa 40 kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin tikiti, 40 zuwa 60 kashi 25, awa ɗaya rabin kuɗi.

Wanda ya manta jaka a jirgi ya je ofishin tasha nan take da tikitinsa. Lambar jirgi da tarago da kujera su ne za a yi amfani da su a kira ma'aikatan da ke ciki tun jirgin bai kai ƙarshen layi ba. Kayan da aka tsinta ana shigar da su shafin 'yan sanda na kayan tsintuwa. Idan harshe ya hana fahimta, lambar 1330 ta taimakon baƙi tana yin tafinta ta waya.

Fita daga tasha

Ƙofar gabas ita ce ta tsohon gari, nan tasi da bas ɗin cikin gari suka fi yawa, nan ne kuma ake samun wuraren cin abinci da masaukai masu sauƙin kuɗi. Yamma ta fi dacewa da wanda za a zo ɗauka da mota. Idan za ka kira tasi ta manhajar Kakao T ka tabbatar ɓangaren da ka sa alama, don direban da ya je ɗaya gefen sai ya zagayo dogo kafin ya same ka. Don sanin lambar bas da mintunan da suka rage ya iso, Naver Map da KakaoMap su ne abin dogaro. A bas ana dangwala T-money wajen shiga da wajen fita, in ba haka ba ragin sauya bas ba zai shiga ba, kuma da tsabar kuɗi ake cika katin a kantunan da ba sa rufewa.

Mai awa uku ko huɗu a hannu ya je Mireuksa, a Geumma, kimanin rabin awa a mota. Kufan wurin bauta ne na daular Baekje daga zamanin Sarki Mu, kuma hasumiyar dutsen da ke wurin an samu rubutu a cikinta a 2009 mai nuna shekarar 639. An shafe kusan shekara 20 ana warware ta ana sake jera ta kafin a kammala a 2019. Wurin da kufan fadar Wanggung-ri suna cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2015. Gidan tarihin ƙasa da ke gefen Mireuksa, wanda aka buɗe a 2020, kyauta ake shiga, amma a rufe yake ranar Litinin. Bas ɗin da ke zuwa can ba ya yawan zirga-zirga, don haka ka duba lokacin dawowa tun kafin ka shiga kallo.

Musulmi matafiyi ya yi shirinsa tun daga Seoul. Filin jirgin Incheon yana da ɗakunan ibada, babban masallacin Seoul na Itaewon kuma, wanda aka buɗe a 1976, yana gunduma ɗaya da tashar Yongsan. A lardin Jeonbuk sanannen masallaci shi ne na Abubakar Siddiƙ da ke Jeonju, saboda haka mai son Juma'a ya lissafa da ɗan jirgin nan na minti 20. Alƙibla daga Koriya yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa, ba gabas ba kamar yadda jiki ya saba. Wajen abinci kuma, gimbap ɗin da ake sayarwa a tasha, shinkafar nan da ake naɗewa cikin ganyen teku, yawanci akwai sirin naman alade a ciki ko da sunansa na kifi ne ko na kayan lambu. A shagon da ake naɗawa a gabanka ka ce "haem ppaejuseyo", wato a cire shi. Wanda aka riga aka ƙunshe a leda ba ya gyaruwa, gara dafaffen ƙwai da ayaba da madara daga kanti.